Abin Da Masu Sauraro Suka Rubuta A Kan Ɗana

Babban ɗana ya dawo gida ne a farkon damina, a shekarar da takin zamani ya gagari talaka. Ina tankaɗe a bakin madafi na ga shigowarsa, jakar kwamfuta a baya, wata babbar jaka a hannu. Ya durƙusa can nesa ya gaishe ni, na amsa ina kallon rariya. Haka muke da shi. Ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba. Ko yana jariri, in da mutane a ɗaki ba na ɗaukarsa. A hannun kakarsa ya tashi, uwar mijina, wadda muke kira Iya, a ɗakin da ke kallon nawa. Duk abin da nake so in sani game da shi, sai dai in aika ko in kasa kunne.

Aikinsa rubuta manhaja ne. Na daɗe ban gane wannan aiki ba. Na yi makarantar yaƙi da jahilci da girmana, ina karanta Hausa a hankali, ina kuma rubuta ta kamar yadda nake yi yanzu, amma abin da yake rubutawa ba Hausa ba ne, ba kuma irin Turancin littafin makaranta ba ne. Autata, ƙanwarsa da ke sakandare a lokacin, ita ta warware mini. Ta ce, "Inna, duk abin da kika ga waya tana yi, wani ne ya zauna ya rubuta mata yadda za ta yi shi. To Yaya yana cikin masu zaman nan." A birni yake yi, a wani ƙaramin kamfani. Da fetur ya tashi, komai ya bi shi, kamfanin ya rufe. Abin da yake aikowa gida, wanda da shi muke sayen taki da maganin Iya, ya tsaya.

Washegarin zuwansa ya ɗauki fartanya ya bi babansa gona.

Wanda bai san wajenmu ba zai ce ai ba laifi, ɗa ya dawo ya taimaki ubansa. Amma a ƙasarmu, tsakanin Minjibir da Ɗambatta, babu daji. Gona tana jingine da gona, in ka yi tari a taka maƙwabcinka zai ce maka sannu daga tasa. Gonar kakan yaran nan an raba ta tsakanin 'ya'yansa maza, abin da ya zo hannun Malam, mijina, in ka tsaya a wannan iyakar gamba kana iya magana da wanda ke waccan ba tare da ka ɗaga murya ba. Ƙannen yaron maza biyu suna cikinta tuni. Ba hannu gonar take nema ba, hannu ya yi mata yawa. A shekarar nan kuwa dawa ta fito rawaya-rawaya saboda rashin taki, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya ci gefe guda, kuma mun riga mun koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. Duk wanda ya kalli rumbunmu ya san ba zai kai mu kaka ba. Shi ma ya sani. Yana dai fita da safe, yana dawowa da bororo a tafin hannu.

Da na ga an shiga maimai, wato noma na biyu, bai yi maganar komawa birni ba, sai na kira auta ina tsinkar zogale. Na ce, "Yayanku lafiya yake kuwa?"

Ta ce, "Tun da ya je taron nan ya zama haka."

"Wane taro?"

Sai ta zauna ta ba ni labari. Ashe kafin ya dawo an yi wani babban taro a birni, na masu irin aikinsa, daga garuruwa da yawa. Ana zaɓar wasu a ba kowa ɗan lokaci ya hau dandamali ya bayyana abin da ya ƙirƙira, majigi yana haska rubutunsa a bango. Masu kamfanoni suna zaune a ciki suna sauraro, daga nan suke tsintar ma'aikata. An zaɓe shi, ya yi murna, ya ɗora zuciyarsa a kan cewa daga nan wani aikin zai fito. To al'adar taron, da zarar mutum ya sauka, masu sauraro sai kowa ya ɗauko wayarsa ya ba shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ya kuma rubuta abin da ya ga dama ba tare da ya sa sunansa ba. Masu shirya taron su tattara su aiko wa mai jawabin.

Na ce, "Ba suna? Mutum ya faɗi magana a kanka ba ka san ko wane ne ba?"

Ta ce, "Haka ake yi, wai don kowa ya faɗi gaskiya."

Na ci gaba da tsinka. A wajenmu in wa'azin malami bai yi maka ba, ka tashi a hankali ka tafi. In dole sai an gaya masa, a sami sa'ansa ya same shi shi kaɗai.

Ta je ta roƙe shi wayar. Na ji muryarsa daga zaure yana cewa, "Ɗauki, ai ba asiri ba ne, duk duniya ta gani." Ta dawo ta zauna kusa da ni, tana karantawa da Turanci a zuci tana mayar mini da Hausa. Taurarin kaɗan ne, mafi yawa biyu-biyu. Wani ya rubuta cewa abin da ya kawo yana da amfani, amma rabin maganar ba ta kai bayan ɗakin ba, ga shi kuwa da makirfo a hannu. Wani ya ce tun da ya hau har ya sauka da takalmansa yake magana. Wani ya ce ya cinye farkon lokacinsa yana gaishe-gaishe da neman afuwa, yana cewa shi ƙarami ne, akwai waɗanda suka fi shi sani a ɗakin, to in haka ne me ya hau yi? Auta ta yi dariya a nan, ta ga ban yi ba ta haɗiye.

Ta ce, "Inna, na ƙarshen nan ba daɗi."

Na ce, "Karanta."

Mutum uku ko huɗu ne suka faɗi abu ɗaya. Wai da aka zo tambayoyi, wani dattijo ya tashi ya ce manhajar tana da rami: in cajin waya ya ƙare kafin sabis ya dawo, duk abin da aka rubuta ya zube. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, ya gode. Alhali, in ji masu rubutun, a cikin abin da majigi ya haska ya riga ya nuna cewa ba ya zubewa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, ko dai ba shi ya rubuta manhajar ba, ko kuma bai san abin da ya rubuta ba, kuma shi ba zai ɗauki irin wannan mutum aiki ba.

Zogalen yana hannuna na kasa ci gaba da tsinka. Ban ji haushin mutanen nan ba, abin da suka gani suka faɗa. Abin da ya danne ni shi ne, duk abin da suka lissafa na san inda ya samo shi. Mu muka ba shi. Tun yana tatata ake ce masa in babba yana magana ka sunkuyar da kai. In ka shiga cikin mutane ka gaishe su kafin ka buɗe baki da bukatarka. Kada ka yabi kanka. Kada muryarka ta hau ta wanda ya girme ka. Duk ƙauyen nan da shi ake misali, iyaye mata suna ce wa 'ya'yansu ku dubi ɗan gidan Malam. Kuma har yau da nake rubutun nan ban ga aibun ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba. Sai dai ya ɗauke su ya kai su inda ake auna mutum da wani mudu dabam.

Mutum ɗaya ce a duniya yake ɗaga wa murya, ita ce Iya, saboda wasan jika da kaka. Da yammacin ranar ina wanke-wanke a bayan ɗakinta na ji su.

"Angon nawa, zo in ga hannun. Kai! Wannan hannun ne zai ciyar da ni? Gara in koma gidanmu."

"Wa zai karɓe ki, tsohuwa? Haƙori ɗaya gare ki, shi ma haya kike yi."

"Ɗaya ne amma ya fi bakinka amfani. An ce an ba ka lasifika a birni ka yi ta raɗa kamar mai neman rance wurin suruki."

Ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji ya yi a gabana ba, sannan dariyar ta mutu. Ya ce, "Iya, ba ki ga mutumin ba. Furfura fal kansa. Sa'an Baba ne, in ma bai girme shi ba. Ya tashi a gaban jama'a ya yi magana, sai ni in ce masa ya yi kuskure? Na buɗe baki, wallahi maganar tana nan a maƙogwarona, sai na ji na ce haka ne."

"To da ka sauka ba sai ka bi shi a gefe ba?"

"Na bi shi. Na same shi a waje na nuna masa. Ya ce au, ashe haka ne, ya dafa kafaɗata, ya ce me ya sa ban faɗa a ciki ba? Lokacin kowa ya riga ya rubuta abin da zai rubuta."

Iya ta yi tsaki, ta ce birni dai ba ta san inda ya dosa ba. Daga nan ne na ji sauran. Wata mata cikin masu shirya taron ta aiko masa saƙo, ta ce ta duba aikin da kanta, mai kyau ne. Za a yi wani ƙaramin taro kafin a yanke gero, ta sa sunansa, ya zo ya sake gabatarwa. Ya ce wa Iya ba za shi ba. Ya ce ya tsaya sau ɗaya an auna shi, ya ji nauyinsa, ba sai an sake ba. Fartanya ba ta ba mutum taurari.

Na kwana biyu ina juya abin. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko da Malam. Amma wata safiya na same shi a ƙofar turke yana gyara ƙotar garma, na durƙusa na ajiye masa koko, ban tashi ba. Ya dube ni, ya san da magana. Na kwashe duka na gaya masa, har da abin da dattijon ya faɗa a kan caji da yadda yaron ya amsa.

Ya ce, "To me ya yi da ba daidai ba?"

Na ce, "Babu."

"Ya gaida mutane, ya girmama na gaba da shi. In sun ƙi shi don wannan, su suka yi asara."

Na ce, "Haka ne, Malam. Sai dai gonar ba za ta ɗauke shi ba."

Ya ci gaba da buga ƙotar a kan dutse, ko da yake na ga ta riga ta zauna. Malam mutum ne da bai taɓa cewa abinci ba zai isa ba, ko a shekarar da muka ci dusa. Da na faɗi maganar sai na ji kamar na ɗaga masa riga a kasuwa. Can ya ce, "Me kike so in yi? In koya wa ɗana ya musa mini?"

Na ce, "A'a. Mu dai ba mu taɓa jin abin da yake yi ba. Mutanen birni sun ji, mu da muka haife shi ba mu ji ba. In ka ce ya tsaya a tsakar gida ya faɗa mana, da Hausa, ba zai ƙi ba."

Ban san abin da nake fata ba. Na dai ga cewa wanda ya faɗi daga kan jaki, in ba a sa shi ya sake hawa da wuri ba, tsoron yana girma da shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiya. Malam ya zauna a kan buzunsa, Iya a kan kujerarta 'yar tsugunne, ƙannen yaron a gefe. Ni na zauna can baya kusa da turmi, na ɗauko tsintar wake don kada a ce na zo kallon ɗan fari. Ya fito da kwamfutar ya ɗora a kan kifaffen kwando. Ya fara durƙusawa zai gaida babansa.

Iya ta ce, "Kun gaisa da safe, kun gaisa a masallaci. Tashi ka ba mu abin da muka zo ji, rana tana tafiya."

Ya miƙe. Ya fara magana yana kallon ƙasa, ko ni da ke da kunne ban ji ba.

"Da wa kake? Da kaji? Ni kurma ce, angona, in ba ka ɗaga ba zan tashi in bar maka gidan."

Yaran suka yi dariya, shi ma ya murmusa, ya juya wajenta. Da ya sa ta a gaba sai muryar ta fito. Ya ce a irin ƙauyukanmu sabis yana zuwa yana tafiya, wani lokacin sai ka hau tudun bayan makaranta. Yawancin manhajojin da ake rubutawa a birni, in babu sabis sai su tsaya cik, kamar ba su san akwai irinmu ba. Shi abin da ya rubuta, ma'aikaciyar asibitin ƙauye ko mai shago zai iya shigar da bayaninsa ko babu sabis. Wayar za ta karɓa ta adana a cikinta nan take, ta jira. Ko wayar ta mutu, in aka kunna yana nan. Duk lokacin da sabis ya leƙo, ko na ɗan ƙanƙanin lokaci ne, sai ta tura, kuma ba za ta tura abu ɗaya sau biyu ba. Ya nuna wa ƙannensa a jikin kwamfutar, ya kashe, ya kunna, suka leƙa suka ce ga shi nan kuwa.

Na bar tsintar waken ban sani ba. Ashe abin da yake yi ke nan duk shekarun nan. Ashe tudun bayan makaranta da yake hawa yana yaro, da wayar aro, bai bar ransa ba. Hannunsa yana yawo a iska, fuskarsa ta sake, ya yi kama da kawunsa, yayana da ya rasu. Ban taɓa kallonsa tsawon haka ba tun da na haife shi.

Da ya gama sai ya koma yadda yake, ya haɗe hannuwa, ya sunkuya. Kowa ya dubi Malam.

Malam ya gyara zama. Ya ce, "Na ji. Allah ya sa albarka. Amma mu nan caji ne wahalarmu, sai an kai shagon mai sola. In cajin ya ƙare kafin sabis ɗin ya zo, ai shi ke nan, abin da aka rubuta ya zube."

Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi, ko kuwa hankalinsa ya tafi wani wuri lokacin da yaron ya yi bayanin. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Na dubi yaron. Ƙannensa suka dubi juna, domin yanzun nan suka gani da idonsu. Iya ma ta kawar da kai, wannan ba wurin wasanta ba ne. Sannan a hankali ya ce, "Haka ne, Baba."

Ban shirya yin magana ba. Na ji muryata ne kawai ta fita, ba da ƙarfi ba, don ba ni da ƙarfin murya, amma gidan ya yi tsit har ta isa.

"Ba haka ka ce ɗazu ba."

Kowa ya waiwayo. Iya ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! 'Yar nan, yau da ɗan fari ake magana a tsakar gida?" Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ji kamar in shige cikin turmin. Amma na riga na fara. Ban ɗauke idona daga kansa ba, shi ma ya ɗago, karo na farko da muka haɗa ido yana babba. Na ce, "Na ji ka da kunnena. Ka ce ko ta mutu yana nan. Babanka ya yi tambaya, ka ba shi amsar gaskiya."

Ya juya wajen Malam. Ya ce, "A'a, Baba. Ba ya zubewa."

Malam ya ce, "Ban ji ba."

"Ba ya zubewa, Baba. Tun lokacin da aka rubuta wayar take adana shi, ba ta jiran sabis. Ko ta kwana a mace, in aka yi caji yana nan."

"In ta faɗa ruwa fa?"

"In ta faɗa ruwa kafin ta tura, ya tafi. Wannan ban magance shi ba."

"To ka faɗi haka. Wanda ka magance ka ce ka magance, wanda ba ka magance ba ka ce ba ka magance ba." Malam ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya sa takalmi. Bai kalli kowa ba. Ya fita masallaci tun ba a kira magariba ba.

Ba wanda ya yi murna a gidan. Yaron ya rufe kwamfutarsa ya shiga zaure, na ji yana share hanci. Iya ta kwana biyu tana amsa gaisuwata a gajarce, ta kuma gaya wa maƙwabciyarmu, magana ta zaga, mata suka riƙa cewa boko ya shiga gidan Malam ta ƙofar tsofaffi. Na haƙura da wannan. Wanda ya fi mini nauyi shi ne abin da Malam ya ce washegari, yana wanke hannu bayan ya ci tuwo. Ya ce, "Tun da aka haife shi ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba. Tana da nauyi a kunne." Na ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ce ba laifin kowa ba ne.

Amma bai hana ba. Duk ranar da suka dawo gona da wuri, sai ya ce a ɗauko kwandon. Yaron ya tsaya ya faɗa, Malam ya jefa masa tambaya, wata ta gaskiya, wata kuwa kowa ya san ya san amsarta. Wani lokaci ya kan kira liman ko wani dattijon unguwa ya zauna, ba ya gaya musu dalili. Ni ban sake zama ba. Daga madafi nake ji. A hankali a'a ɗin ta daina rawa, ko da yake kullum sai ya haɗa ta da Allah ya gafarta Malam, kuma ba wanda ya ce ya cire.

Da gero ya fara sunkuyar da kai, yaron ya shiga motar Kano zuwa ƙaramin taron nan. Akuyata ce ta biya kuɗin motar. Da ya zo sallama ya durƙusa inda ya saba, na ce Allah ya tsare, ina kallon tukunya.

Bayan kwanaki auta ta zo da gudu da wayar babanta, yayanta ya turo abin da masu sauraro suka rubuta. Ba duka ne masu daɗi ba. Har yanzu akwai wanda ya ce muryar ta yi ƙasa. Wani ya ce yana da saurin magana in ya zo wurin da ya fi so. Amma wani ya rubuta cewa an yi masa tambaya mai wuya ya amsa a tsaye, inda bai sani ba ya ce bai sani ba. Taurarin sun ƙaru, ba su cika ba. Aiki bai fito a ranar ba, sai bayan an gama girbi, kuma ba a Kano ba, a wani gari mai nisa a kudu da ban taɓa zuwa ba. Shekarar da ta biyo mun sa taki. Iya ta sami maganinta har zuwa lokacin da Allah ya karɓi abarsa, kuma yaron bai iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta, saboda nisa.

Yanzu ta waya muke jinsa. Ya kan kira babansa ranar Juma'a, Malam ya sa a lasifika saboda kunnensa ya fara nauyi. Muryarsa tana cika tsakar gida. Yana gaisuwa yadda aka koya masa, ba ya tsallake kowa, har akuyoyi yana tambaya. Amma in aka shiga magana, ko ta irin da za a shuka ce, ko ta auren ƙaninsa, ko ta karatun auta da Malam ya so a tsaya a sakandare, sai in ji ta fito a sauƙaƙe, ba rawa, ba jinkiri: a'a, Baba, ba haka ba ne. Wani lokaci yana da gaskiya. Wani lokaci ba shi da ita, don ya daɗe bai taka ƙasar nan ba, bai san yadda ta koma ba.

Makon jiya a kan gona ne. Ya ce a sayar da gefen da ƙuduji ya ci, a sa kuɗin a wani abu. Malam ya ce ƙasar ubansa ce. Suka yi ta yi, kowa bai sauka ba, har yaron ya ce to Baba, ka yi tunani, suka yi sallama. Malam ya daɗe zaune da wayar a hannu bayan an katse kiran. Na kawo masa ruwa, ya sha, ya ajiye kwanon. Ya ce, "Ya iya magana yanzu." Na ce ya iya. Sai ya sa wayar a aljihu, ya ɗauki fartanya, ya tafi gefen nan da ake magana a kai.